Malam, na shaƙu da karen gidana, ina da laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni kaɗai nake zaune a birni saboda aiki, na kawo kare don gadi bayan ɓarayi sun hauro mana, to yanzu wallahi mun shaƙu, in na dawo shi ke tarbata a get yana kaɗa bindi, har falo yake shigowa, ranar da ya yi ciwo ko abinci na kasa ci. Abokaina sun ce in kore shi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tausayin da kake ji ba zunubi ba ne. A Bukhari da Muslim akwai mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai lasar ƙasa saboda ƙishi, Allah ya gafarta masa.

Inda maganar take shi ne dalilin ajiye shi da kuma inda yake kwana. Annabi (SAW) ya ce wanda ya riƙi kare ba don kiwo ko farauta ko gona ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi, wato wani kaso, na lada, a ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi 2. Gadin gida bai zo a hadisin ba, shi ya sa mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya hana ajiye kare a gidajen birni, amma Imam Nawawi ya rinjayar da halaccinsa in da buƙata, ƙiyasi a kan ukun nan, kuma ni nan na karkata tunda ɓarayi sun taɓa shigo maka.

Falon ne ban yarda da shi ba, domin mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Ka yi masa rumfa a tsakar gida, kwanonsa daban, in ya sa baki a naka ka wanke sau 7, ɗaya da ƙasa kamar yadda ya zo a Muslim. Malikiyya suna ganin jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, Shafi'iyya da Hanabila sun saɓa.

Kada ka jefar da shi a titi yunwa ta kashe shi, cinsa da maganinsa suna wuyanka. Kuma kaɗaicin nan da ka ambata ya taɓa ni, ka lizimci jam'i a masallacin unguwa, ka riƙa kiran iyaye da 'yan'uwa. Wallahu a'alam.