Amsa kan Meetup: wanda ya danna "zan zo" bai zo ba tukuna

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da safe don in samu natsuwa. Ka ce kuna da zaure a Facebook na masu haɗa sola, mutum wajen dubu uku, yawancinsu a Kaduna da Zariya, kuna so ku fara haɗuwa ido da ido, wani kuma ya ba ka shawarar ka buɗe ƙungiya a Meetup. Kana tambaya ko ta cancanci kuɗinta. Na taɓa biyan kuɗin nan daga aljihuna, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Don waɗanda ba su san ta ba, Meetup manhaja ce da Scott Heiferman da abokansa suka kafa a birnin New York a 2002. Shi da kansa ya sha faɗa cewa abin da ya gani bayan harin 11 ga Satumba 2001 ne ya zaburar da shi, yadda maƙwabtan da ko gaisawa ba sa yi suka fara tsayawa suna magana da juna. Sunanta ya fito sosai a 2003, lokacin da magoya bayan Howard Dean, mai neman takarar shugabancin Amurka, suka riƙa haɗuwa gari-gari ta hanyarta. Daga baya ta sha canza hannu: kamfanin WeWork ya saye ta a 2017, a 2024 kuma ta koma hannun kamfanin Bending Spoons na Italiya.

Aikinta ba wuya. Ka buɗe ƙungiya, ka faɗi garinku da abin da kuke yi, ita kuma ta tallata ku ga mutanen da ke kusa waɗanda suka nuna sha'awar irin wannan harka. Ka sa rana da wuri, mutane su danna za su zo, in kujeru sun cika sauran su shiga layin jira, ta kuma tura wa kowa tuni. Lokacin da na yi amfani da ita, membobi ba sa biyan ko sisi, mai shirya taro ne ke biya, da dala. Wanda ya taɓa fama da katin naira wajen biyan dala ya san wannan ma wani aiki ne.

A Abuja na fara saninta, sa'ad da nake aiki a can. Ban san kowa ba a garin, na duba na ga wasu suna hawan dutse ranar Asabar da sassafe, na danna, na je, na samu abokai. Nan ƙarfinta yake: ta haɗa baƙo da baƙo a garin da mutane suka saba dubawa cikinta. Kai kuwa ba baƙi kake nema ba, mutanenka suna hannunka. Matsalarka yadda za ka tashe su daga kan waya su shiga mota.

Da na dawo Kano, ina cikin masu kula da wani zauren WhatsApp na ƙananan masu kiwon kaji, mu ɗari huɗu da ɗoriya. Da zumuɗina na Abuja na biya kuɗi, na buɗe mana Meetup, na tura mahaɗin. Bayan mako biyu mutum talatin da ɗaya ne suka shiga. Wannan ya ce ba shi da imel, wancan ya ce wayarsa ta cika, wata Hajiya ta turo saƙon murya ta ce, "Malam, ni wannan Turancin ya fi ƙarfina, ku faɗa mana a nan kawai." Gaskiyarta. A cikin garin kuwa ko mutum ɗaya manhajar ba ta kawo mana daga waje ba, don ba wanda yake neman masu kiwon kaji a cikinta.

Sai muka koma cikin zauren muka ce duk mai zuwa ya rubuta sunansa. Aka rubuta ɗari da arba'in. Kan wannan lissafin na kama wani ɗakin taro, na yi hayar kujerun roba ɗari, aka dafa shinkafa ɗari a robobi, aka sa wa janareto mai. Ƙarfe goma na safe muka ce. Ashe ranar ce Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ba fita sai goma. Da aka buɗe hanya kuma, rabin mutanen suna da ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya. Ina tsaye bakin ƙofa, waya a kunne, wannan ya ce "ga ni nan a hanya", ina jiyo kukan kajinsa a bayansa. Mutum goma sha bakwai ne suka zo. Likitan dabbobin da muka gayyato ya yi wa kujeru bayani kan cutar Gumboro, lasifika na amsa kuwwa. Shinkafar, a bayan adaidaita sahu muka loda ta zuwa wata tsangaya. Almajirai dai sun sha biki.

Ban zargi kowa ba daga baya. A wurinmu in aka ce wa zai zo, kunya ma ta isa ta sa mutum ya rubuta suna. "In sha Allahu" kuma kala-kala ce, mai shirya taro sai ya koyi bambance su.

Abin da ya gyara mana tafiya, mun daina neman taro, muka koma neman majalisa. Muka tsayar da Lahadin farko ta kowane wata, daga bayan Azahar zuwa La'asar, a rumfar wani ɗan zauren da ke da injin niƙan abincin kaji. Da gangan muka ƙi zuwa gonar kowa, don mai kaji ba ya son takalman mutum talatin a bakin kejinsa, ana tsoron murar tsuntsaye. Lokacin kuma saboda mata muka zaɓe shi, su ne fiye da rabin masu kiwon, kuma sai sun koma gida kafin Magariba. Haɗuwar farko ba lacca. Aka baje masara da waken suya da dusa da garin ƙashi a kan leda, aka kawo sikeli, kowa ya ga yadda ake auna abincin masu ƙwai. Wata mata ta damƙi abincin ta shinshina, ta ce wanda ake sayar mata bai taɓa yin wannan ƙamshin ba. Da yamma hotuna suka shiga zaure, waɗanda ba su zo ba suka fara tambayar na wata mai zuwa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita aka fi yi mana surutu a kai. Muka ce duk mai zuwa ya tura naira dubu kafin Juma'a, kuɗin ruwa da zoɓo da kujera. Wasu suka ce mun mai da zumunci kasuwanci. Amma tun daga nan, in ashirin da biyar suka biya, ashirin da biyu za su zo. Ita ma Meetup ta bi ta wannan hanyar: a 2005 ta fara karɓar kuɗi daga masu shirya taro, mafi yawan ƙungiyoyin suka watse, waɗanda suka rage su ne masu haɗuwa da gaske. Sai dai ka ware mai riƙe kuɗin daban, kada ya zama kai, kuma a karanta lissafi a gaban kowa. Zauren da gardamar siyasa ba ta fasa ba, naira dubu biyar da ba a san inda ta shiga ba tana iya fasa shi.

Af, wannan abu ma ba sabo ba ne a wurinmu. Kawuna yana cikin masu aika katin gaisuwa a Rediyon Kaduna, irin na Zaɓi Sonka. Mutanen da ba su san juna ba sai ta jin suna a rediyo, amma sun kafa ƙungiyoyi, suna zuwa bikin juna daga gari zuwa gari. Ba su da manhaja, suna da sakatare mai littafi da biro, wanda ya san wa ya zo, wa bai zo ba, kuma zai bi sawu ya ji dalili. Har yau aikin nan ne ya fi komai. Ranar jajibiri ni da wani muna raba sunaye, mu kira kowa a waya. Tunin da inji ya turo, ana share shi da yatsa. Muryar mutum tana da nauyi.

A taku harkar, ga yadda zan yi da ni ne. Kada ka haɗa Kaduna da Zariya a zama ɗaya, tafiyar wajen kilomita 80 ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ƙaramin mai sana'a fita. Kowane gari ya samu nasa jagoran. Ka nemi shagon ɗaya daga cikinku, a kawo inbata da ta ƙone da batirin da ya kumbura, a kwance su a kan tebur a yi ta musu kan abin da ya jawo. Sanarwa ta fita a Facebook, amma adireshin sai wanda ya biya za a tura wa, a ƙaramin zauren WhatsApp na masu zuwa. Ka leƙa wurin mai unguwa ka gaya masa za ku taru. Ka kuma shirya wa mutum biyu da ba sa rasa kowane taro: mai tallar kasuwancin "kawo mutum uku", da ɗan siyasar da zai ce minti biyar kawai yake so. Mu dokarmu, talla sai an tashi, a bakin ƙofa.

Rajista kuwa, Google Forms, wato fom ɗin da ake cikewa a intanet, ta wadatar, ko shafin taro na Facebook tun da a can mutanenka suke. Meetup ka ajiye ta sai ran da za ku yi wani abu a Abuja ko Legas, inda kuke son injiniyoyi da dillalan da ba su san da ku ba su gan ku. Ni bayan wata huɗu na daina biya, ba wanda ya ma lura a zauren.

In kun tsayar da rana ka sanar a nan. Inbatar gidana tana ƙara duk sa'ad da aka kunna firij, zan so in sako ta a mota in kawo muku ku duba.