Kun Tambaya: Haɗa Kiɗan Drum and Bass Mai Nauyi

Tambaya: Ni DJ ne, kiɗan biki nake yi a cikin garin Jos. Kwanan nan na kamu da podkas ɗin kamfanin Eatbrain, inda kowace fitowa DJ ɗaya ke jero kiɗa kusan awa guda ba tsayawa. Na gwada nawa, amma da na haɗa waƙa biyu sai sifika ta kama gurnani, nauyin kiɗan ya zube. Ina nake kuskure? Daga mai karatu a Unguwar Rogo.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ɗauko mai wuya. Wannan kiɗa na drum and bass a Ingila ya tashi, farkon shekarun 1990, a Landan da Biristol, kuma reshen da Eatbrain na ƙasar Hangari ke fitarwa, wanda ake kira neurofunk, yana cikin mafi kauri. Gudunsa wajen bugu 174 ne a minti, alhali amapiano da ka saba sakawa a biki bai cika wuce 115 ba. Hannun da ya saba da wancan sai ya sake koyon tafiya.

Fara duba abin da manhajarka ta rubuta. Rekordbox da Serato da VirtualDJ kan karanta irin wannan waƙa a 87, wato rabin gudunta. Ka ninka ta koma 174, sannan ka tabbata layin farko na ma'aunin bugu da manhajar ke zanawa kan waƙar ya zauna daidai kan bugun ganga na farko. In ya goce ko kaɗan ne, duk abin da ka ɗora a kai zai riƙa tuntuɓe.

Gurnanin kuwa daga bes yake, wato sautin kiɗa mai kauri. Nauyin kiɗan nan yana can ƙasa, tsakanin 30 zuwa 60 Hz (yawan kaɗawa a daƙiƙa), sautin da ƙirji ke riga kunne ji. Idan bes biyu suka fito lokaci guda, wani wuri su taru su fi ƙarfin sifika, wani wuri su kashe juna, shi ya sa ka ji abu ya kumbura sannan ya yi holoƙo. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Kafin ka ɗaga waƙa ta biyu, murɗe maɓallin LOW nata, wato na bes, har ƙasa. Bar ta ta shigo da gangunanta kawai. In lokaci ya yi, ka rufe bes na ta farko ka buɗe na ta biyu a bugu ɗaya, ba a hankali ba.

Lokacin kuma ƙirga shi ake yi. Bugu huɗu gaɓa ɗaya ne, kuma yawancin waƙoƙin an gina su ne gaɓa 16 ko 32. A gudun 174, gaɓa 16 daƙiƙa 22 ce kacal, ko ruwa ba ka gama kurɓa ba ta wuce. Sa alama gaɓa 32 kafin inda kiɗan ke ɓarkewa, ka saki waƙar daga nan a farkon wani sashe na wadda ke kan kaɗawa. Masu gwaninta irin su Andy C kan sa waƙa biyu su ɓarke tare. Yana da daɗi, amma ko a nan bes ɗaya ake bari. A ganinmu ka ajiye wannan sai hannu ya faɗa.

Tambaya: Duk abin da na naɗa sai in ji wani "zuuu" a ƙarƙashinsa, musamman in an ɗauke wuta na tayar da janareta. Daga mai karatu a Bukur.

Amsa: Wutar ƙasar nan a 50 Hz take kaɗawa, kuma ita ce ke kutsowa ta cajar kwamfuta ko ta wayar sauti da ba ta da kariya. Abin haushin shi ne a nan ɗin bes ɗinka yake zaune, don haka in ka ce za ka goge ƙarar daga baya da manhajar gyaran sauti ta Audacity, har da naman kiɗan za ka yanke. Cika batir, zare caja, ka naɗa. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawon. In tana nan, haɗa duk kayan a soket ɗaya, ka raba wayoyin sauti da na wuta, kada su kwanta a jere. Ka kuma naɗa daga cikin manhajar kanta. Allurar sauti ta tsaya wajen -6 dB. Da ta taɓa ja, sautin ya fashe ke nan, kuma ba ya ɗinkuwa.

Kada ka auna aikin da sifikar waya. Ba ta iya fitar da wannan bes ɗin, sai ta ruɗe ka ka yi ta ƙarawa. Sa hedifon mai rufe kunne.

Tambaya: A ina zan ɗora, kuma data nawa zai ci? Daga wata mai karatu a Farin Gada.

Amsa: Malama, ajiye asalin a WAV, awa ɗaya ya ɗan haura MB 600. Na ɗorawa ki mayar da shi MP3 mai 320 kbps, MB 144 ke nan. Mai 128 yana da sauƙin data, sai dai kuge da sauran siraran sauti kan dusashe. Mixcloud ya fi kwanciyar hankali don yana da yarjejeniya da masu haƙƙin waƙoƙi, SoundCloud kuwa yakan sauke haɗin da ya gano waƙar wani a ciki. Kamfanonin da ke podkas galibi kayansu suke sakawa ko waɗanda aka ba su izini. Ki rubuta sunan kowace waƙa da mai ita da mintin da ta shigo, domin masu sauraron wannan kiɗa shi suke fara nema.