Lissafin daɗewa a aiki ga ma'aikatan ƙasa a filin jirgi

Ɗan'uwa, ka ce shekara shida kana lodin kaya a filin jirgin Lawanti na Gombe, aka mayar da kai teburin tantance fasinja, sai ka ga sunanka a ƙasan jerin daɗewa a aiki. Ba lallai zalunci ba ne, domin kwanan wata iri biyu ake riƙewa.

Na farko ranar da ka kama aiki da kamfani. Ita ake dubawa wajen hutun shekara, garatuti da rage ma'aikata. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce idan za a rage, wanda ya shigo ƙarshe shi ke fara fita, amma ana la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. Na biyu ranar shiga sashe, wadda ake bi wajen zaɓen shifti da ƙarin girma. Wannan ce ta koma sabuwa da ka sauya wuri. Shekarunka shida suna nan.

Inda rigima take shi ne shekarun wucin gadi. Idan ta hannun ɗan kwangila ka fara, yawanci ba a ƙirga su sai yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata da kamfani ta faɗa ƙarara. Watannin gwaji kuwa ya kamata a haɗa da zarar an tabbatar da kai. Hutun da babu albashi, wasu yarjejeniyoyin cire shi suke yi kwana da kwana.

Idan mutum biyu sun kama aiki rana ɗaya, a bi lambar ma'aikaci ko ƙuri'a a gaban wakilin ƙungiya, ba ra'ayin oga ba.

Ɗauki takardar ɗaukarka aiki da ta sauyin sashe, ka kai wa wakilin NUATE, ƙungiyar ma'aikatan sufurin jiragen sama, in akwai kuskure ka nemi gyara a rubuce.