Kafin ka ɗaga hannu a gwanjon tagullar nan

Malam, ka ce za a yi gwanjon wani aikin tagulla na zamani a Abuja, ba fuska ba hannu, sai lanƙwasa da rami a tsakiya, kana tambaya ko ya ci kuɗin da aka yanka masa. Ni a Jos nake, kuma na daɗe ina cinikin irin waɗannan kaya.

Kada nauyinsa ya ruɗe ka. Tagulla jan ƙarfe ne da aka narka da kuza, irin wadda ake haƙa a nan Filato. Da kilo ake bi, ai da 'yan gwangwan ne za su saye. Abin da ake biya shi ne hannun wanda ya yi, da shaidar cewa nasa ne.

Ka je ranar duba kaya, ka sa a kwantar maka da shi. A gindinsa ake samun sa hannu, da shekara, da lamba kamar 3/8, wato zubi na uku cikin takwas. A nan ake cutar mutane, domin aikin tagulla ba ɗaya tilo ba ne. Ko Anyanwu, mutum-mutumin tagulla da mai sassaƙa ɗan Najeriya Ben Enwonwu ya yi, akwai a gidan tarihi na Legas, akwai wanda Najeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966. Shi ya sa wasu ke samun na asali su kwafi siffarsa, su sake zubawa bayan mai aikin ya rasu. Irin wannan yakan ɗan ƙanƙance, saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce, gefunansa su dakushe, sawun yatsa da na wuƙa da aka bari a jikin kakin da ake siffanta aikin da shi kafin a zuba ƙarfe su shafe. Ka tafi da tef ka auna, ka shafa da hannunka. Na roba da aka yi wa fenti ba shi da sanyin ƙarfe, in ka ƙwanƙwasa ba ya amo.

Sai takardu: wa ya fara saye, a wane baje koli aka nuna shi. In suka fara kame-kame, ni dai ba na tayawa.

Koren nan da ka ce ya hau jikinsa, don Allah kada ka sa a goge. Sau da yawa mai aikin ne ya sa shi da gangan. Na ga wanda aka dirje da toka da lemun tsami yana ƙyalli, dillalai suka juya baya, har yau abin yana min ciwo.

Ka tambayi kason da gidan gwanjo ke ɗorawa a kan kuɗin da aka sallama, ka lissafa da shi tun daga gida. In kuma waje za ka fita da shi, ka fara neman takardar izini daga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.