An sa ƙanena ya dangwala a takardar da bai san abin da ke cikinta ba

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ƙanena yana sayar da albasa a Legas. Wata biyu da suka wuce aka yi faɗa a bakin kasuwa, 'yan sanda suka kwashe mutane har da shi. Ba ya jin Turanci, Yarabancinsa kuma bai wuce na ciniki ba. A caji ofis wani ɗan sanda ya yi masa tambayoyi da gurguwar Hausa, wani yana rubutawa da Turanci, aka ce ya dangwala ya tafi gida. Bai tafi ba. Yanzu mun ji cewa takardar nan amsa laifi ce. Akwai abin da za mu iya yi? Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya fitar da shi. Akwai abin yi, amma da sauri, don wannan haƙƙi ne da ake rasa shi idan aka yi shiru a lokacin da ya kamata a yi magana.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar maganar harshe a hannun tausayin ɗan sanda ba. Sashe na 35(3) ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Sashe na 36(6) ya ce a bayyana masa tuhumar da harshen da yake fahimta, kuma idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi a ba shi tafinta kyauta, ko kwabo ba zai biya ba. Wannan haƙƙin Bahaushe ne a Legas, kuma haƙƙin Bafulatanin ruga ne a Kano. Na faɗi haka ne don mu ma a arewa muna da wannan ciwon: sai a ce "ai kowa na jin Hausa," a ci gaba da shari'a, alhali Hausar sayar da nono daban, Hausar da za a kare kai da ita gaban alƙali daban.

To, takardar da ya dangwala. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 17, ta ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta bayanin, ya karanta masa har ya gane, sannan shi ma tafintan ya sa hannu. Legas na da tata dokar, wadda ta nemi a ɗauki amsa laifi a bidiyo, in babu bidiyo a rubuta a gaban lauyan mutum. Ki tambayi ƙanenki ko an yi ko ɗaya daga ciki. Bayan haka, kotunan sama sun sha yanke hukuncin cewa bayanin da ya bi ta bakin tafinta, sai an kira tafintan nan ya tsaya ya ba da shaida, ya faɗi abin da ya tambaya da abin da aka amsa masa. In ba a kawo shi ba, takardar ta zama "an ce, an ce." Ɗan sandan nan mai gurguwar Hausa ke nan dole ya zo kotu, lauya ya gwada Hausar tasa a gaban alƙali. Na taɓa ganin irinsa ya kasa bambanta "na gan shi" da "na kama shi."

Ga inda mutanenmu ke faɗuwa. Ranar da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, a ranar ake ƙalubalantarta. Kuma amsa iri biyu ce, kowace da hanyarta. Idan ya ce duka ko barazana aka yi masa ya dangwala, kotu za ta dakata ta yi ƙaramar shari'a a kan takardar kaɗai, kuma masu ƙara ne za su tabbatar da cewa da son ransa ya faɗa. Idan kuwa cewa ya yi abin da ke ciki ba maganarsa ba ce, yawanci kotu na karɓar takardar, sai a ƙarshe ta auna nauyinta. Saboda haka ya gaya wa lauya gaskiyar abin da ya faru dalla-dalla, har da alkawarin "dangwala ka tafi gida."

Haka maganar tafinta a cikin kotu. A shari'ar Gwonto ta 1983 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda yake da lauya, bai nemi tafinta ba, ba zai zo wajen ɗaukaka ƙara ya ce bai ji abin da aka faɗa ba. Zaman farko da za a yi, ya buɗe baki ya ce ba ya jin Turanci, lauya ya tabbatar alƙali ya rubuta. Kada kunya ta sa ya riƙa gyaɗa kai.

In kuɗin lauya ya gagara, akwai hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, da ofishin lauyoyin da gwamnatin Legas ta tanada don kare marasa hali. Sarkin Hausawan unguwarsu zai iya haɗa ku da su. Kafin ku je, ku rubuta ranar da aka kama shi, kwana nawa ya yi a caji ofis kafin a kai shi kotu, da sunan ko kamannin ɗan sandan da ya yi masa tafinta.