Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Amsa Kan Littafin Ayn Rand da Shirin da Masu Sauraro Ke Ɗaukar Nauyinsa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari tambayarka tun da hantsi, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ga waɗanda ba su bibiyi zancen ba, cewa ya yi yana son buɗe shirin fodkas, wato shirin murya da ake saurare ta intanet, na sharhin siyasa, ba ya son talla, ba ya son uban gida, sai wani ya ce masa ai Turawa suna da tsarin da masu sauraro ke ɗaukar nauyin shiri, kuma wai daga wani littafin ƙagaggen labari aka samo shi. Shi ne yake tambaya ko gaskiya ne. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

To, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda ya ba ka labarin ya gutsure shi. Littafin sunansa Atlas Shrugged, ya fito a 1957. Wadda ta rubuta, Ayn Rand, 'yar Rasha ce, an haife ta a 1905 a birnin da ake kira Saint Petersburg. Babanta yana da shagon magani, 'yan kwaminis suka ƙwace shagon bayan juyin juya hali, tana yarinya tana gani. A 1926 ta isa Amurka. To duk wanda ya san wannan ba zai yi mamakin abin da ta rubuta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya ma gudu yake. Ita duk inda ta ji an ce gwamnati za ta karɓa daga wannan ta ba wancan, shagon babanta take tunawa.

Littafin ya haura shafi dubu, ni kaina sai da na ajiye shi sau biyu kafin in gama. Labarin a taƙaice: masu masana'antu, injiniyoyi da masu ƙirƙira suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana durƙushewa, kowa yana tambaya wane ne John Galt. Ashe shi wannan Galt ɗin shi ne ya janye su, suka shiga yajin aiki, suka ɓuya a wani kwari cikin duwatsun Colorado, don duniya ta gane su waye ke ɗauke da ita. Yajin aikin masu kuɗi ke nan, ka ji sabon salo.

Yauwa, ga inda ya haɗu da tambayarka. Akwai wani wuri a littafin, a wajen walimar biki, wani ya ce kuɗi ne tushen duk wani sharri. Sai wani attajirin ma'adinin tagulla, Francisco, ya tashi ya yi doguwar huɗuba yana kare kuɗi. A ciki ya ce mutanen da ke son hulɗa da juna ba tare da tilas ba, dole su yi ta hanyar ciniki, kowa ya ba da abu mai daraja ya karɓi mai daraja. Da Turancin value for value. Mu da Hausa mun daɗe da shi, ba ni gishiri in ba ka manda.

Wanda ya ɗauki wannan kalma ya kai ta duniyar fodkas shi ne Adam Curry. Tsohon mai gabatar da waƙoƙi ne a tashar MTV, kuma yana cikin waɗanda suka assasa fodkas ɗin kansa a 2004, shi da wani masanin kwamfuta Dave Winer, har ana masa laƙabi da uban fodkas. A 2007 suka fara wani shiri da John C. Dvorak, tsohon marubuci a mujallar PC Magazine, suka sa masa suna No Agenda. Sau biyu a mako, Alhamis da Lahadi, wajen awa uku, suna ɗauko guntayen labaran talabijin suna feɗe su, suna nuna inda suke ganin an yi wa jama'a rufa-rufa. Babu talla ko guda. Curry bai taɓa ɓoye cewa littafin nan ya tafi da shi ba, ya sha ambatonsa a shirin. Tsarinsu shi ne: ga shiri kyauta, ba mu kulle komai ba, ka saurara, in ka ga ya amfane ka, kai za ka yanke wa kanka farashi ka turo. Ba sa ma kiran mutanensu masu sauraro, furodusoshi suke ce musu. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da lokacinsa ko gwanintarsa, wani ya zana hoton shirin, wani ya yi kiɗan, wani ya kula da shafin intanet.

Me ya sa masu sharhin siyasa suka rungumi abin? Saboda mai talla linzami ne. Ka duba Glenn Beck. A 2009 ya faɗi a Fox News cewa Obama yana ƙin farar fata, aka yi gangami, kamfanoni suka rinƙa janye tallarsu daga shirinsa. A 2011 ya bar tashar ya buɗe tasa a intanet wadda sai ka biya kuɗin wata za ka kalla. Ba sai an kama mutum ba, a tsorata masu tallarsa kawai ya isa. Ni ma na ɗanɗana. Lokacin da nake gidan rediyo, wani shiri da nake yi mai ɗaukar nauyinsa ya kira manaja sau ɗaya tak, saboda wani baƙo ya taɓo kwangilar wani abokinsa. Mako na gaba aka ce min a ɗan dakata da shirin. Har yau ana kan dakatawar. Kuma kun san yadda sojojin baka suke a gidajen rediyonmu, kafin mutum ya buɗe baki ka riga ka san aljihun da ya biya kuɗin fili.

Akwai kuma wani abu a littafin da nake ganin ya fi maganar kuɗin tasiri a kan waɗannan mutane, ko da ba su faɗa ba. Kusa da ƙarshe, shugaban ƙasa zai yi jawabi a rediyo, sai Galt ya ƙwace zangon, ya yi magana awa uku shi kaɗai, wajen shafi 60, ba mai katse shi. Mutum ɗaya da makirfo, yana gaya wa ƙasa baki ɗaya cewa ƙarya ake musu. Wallahi rabin masu fodkas na siyasa a Amurka haka suke kallon kansu a madubi. Kuma littafin ya sake tashi daidai lokacin da fodkas ke ƙuruciya. Bayan durƙushewar bankuna a 2008, da gwamnati ta zuba kuɗi ta ceto su, cinikin littafin ya yi sama a 2009, 'yan zanga-zangar Tea Party, masu adawa da haraji da kashe-kashen kuɗin gwamnati, suna ɗaga kwalaye da sunan John Galt.

Amma fa, ƙanena, kar ka yarda a ce maka littafin ne ya haifi tsarin. A 1949, shekara takwas kafin ya fito, an buɗe tashar KPFA a Berkeley ta jihar Kalifoniya, wadda masu sauraro ke ɗaukar nauyinta. Wanda ya kafa ta, Lewis Hill, mutum ne da ya ƙi ɗaukar bindiga a yaƙin duniya na biyu, kuma tashar ta 'yan ra'ayin sauyi ce, irin mutanen da Ayn Rand ba ta ko son jin ɗuriyarsu. Yau ma ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka yi suna wajen tara kuɗin masu sauraro a Patreon, shafin da magoya baya ke biyan masu shiri, shi ne Chapo Trap House, na 'yan gurguzu. Ka ga ke nan tukunyar ba ta da jam'iyya. Ita kanta Ayn Rand ba ta yarda a kira ta 'yar libatariyan ba, wato masu son gwamnati ta cire hannu daga harkokin mutane, raina su take yi, tana cewa sun sace mata tunani sun lalata. Su ne dai suka nace mata.

Bari in sha ruwa. To ga abin da ya fi ba ni dariya, kuma shi ne ainihin abin da nake so ka riƙe. A wancan kwarin da Galt ya tara mutanensa, akwai kalma guda da aka haramta, kalmar bayarwa. Ba a kyauta. Galt ya karɓi motar abokinsa, attajirin da ya mallaki kwarin, sai da ya biya haya, kwabo ashirin da biyar na dala a rana. Matar da ta faɗo kwarin da jirgi ta ji ciwo, aikin girki da shara ta kama a gidansa don ta biya kuɗin ɗaki da abinci. Komai da farashinsa, an yanke tun kafin a miƙa. To yanzu ka dubi abin da Curry yake yi. Ya ba ka kayan gaba ɗaya kafin ka ba shi sisi, mafi yawan masu ji ba za su taɓa biya ba kuma ba mai hana su ji, 'yan tsirarun da ke biya su ke ɗauke da sauran. A littafin, masu ci ba su biya ba ai su ne miyagun labarin. Wannan ba ciniki ba ne, kara ce da kunya da son a san da kai. Har kalmomin nan uku da suke maimaitawa, lokaci, gwaninta da dukiya, a coci-cocin Amurka aka saba jin su lokacin neman gudummawa.

Kuma ka san me ke sa kuɗin shigowa? A tsakiyar shiri sai su tsaya su karanto sunayen waɗanda suka bayar, da adadin, da saƙon da mutum ya rubuto. Wanda gudummawarsa ta taru ta kai dala 1,000, sai a naɗa shi sarauta irin ta mayaƙan Ingila na da, namiji Sir mace Dame, ya zaɓi laƙabinsa, har zobe ake aika masa. Ranar da na fara ji na ce a'a, wannan ai roƙo ne! Maroƙi a bakin fage, wane ya ba da kaza, Allah ya ƙara arziki, na gefe ya ji ƙaiƙayi shi ma ya sa hannu a aljihu. Mu da muka taso muna sayen katin gaisuwa don a kira sunanmu a Zaɓi Sonka, wa zai koya mana wannan? Sun je sun karanta shafi dubu sun dawo da abin da Sankira yake yi a gidan biki.

Daga baya, a 2020, Curry da Dave Jones suka kafa Podcast Index, rumbun jerin shirye-shirye wanda ba na Apple ba ne ba na Spotify ba, don sun ga yadda a 2018 manyan kamfanonin suka sauke shirye-shiryen wani mai sharhin siyasa, Alex Jones, kusan lokaci guda. Suka haɗa da hanyar turo ɓarɓashin kuɗin intanet na Bitcoin, kana sauraro yana zuba minti-minti. Wannan ka bar shi tukuna, mutanenka tiransifa suka sani.

Sai gargaɗin. Ka ce ba ka son uban gida. To mai sauraron da ke biya shi ma uban gida ne, sai dai su da yawa ne kuma ba ka san fuskarsu ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In mutum ɗari biyu ne ke riƙe da shirinka kuma duk 'yan ɓangare ɗaya ne, ranar da gwaninsu ya yi ba daidai ba ka faɗa, za ka gani a asusunka kafin Juma'a. Ba wanda zai kira manaja, alat ne kawai zai daina shigowa. Na ga masu sharhi a can da suka faro da tambaya mai ma'ana, a hankali masu biya suka ja su, suka koma ba abin da suke sayarwa sai zargin makirci, don shi ne ke kawo kuɗi. Ni a kunnena shi kansa No Agenda bai tsira daga wannan ba, musamman lokacin korona, ko da yake masoyansa za su ce ban fahimta ba.

Saboda haka in za ka yi, ka yi, ina bayanka. Amma ka sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai iya bayarwa a wata, don kar wani ɗan siyasa ya shigo da rigar mai sauraro ya saye ka da sunan gudummawa. Ka rinƙa faɗin abin da ya shigo a fili. Kar ka bar aikinka na rana tukuna, su ma waɗancan ba da kuɗin shirin suka fara cin abinci ba, da sunansu da sana'arsu suka shigo. Kuma tun a shirye-shirye goman farko ka taɓa kowane ɓangare, wanda zai gudu ya gudu da wuri.

Hajiya, na ga kin rubuto ko akwai fassarar littafin da Hausa. Ni kwafin Turanci gare ni, bangonsa ma ya cire, in kina so zan ba yaro ya kawo miki, amma ki sani matar ba ta yarda da addini ba sam, kuma ba ta ɓoye ba a ciki. Ƙanena, ka naɗo min gwaji na minti goma ka turo ta gefe in ji. An kira sallah, sai an jima.