Me Ya Sa Ƙasar Kurmi Ta Fi Albarka?

Tambaya: Malam, me ya sa ƙasar kurmi mai itatuwa iri-iri ta fi ta gandun itacen turare zalla baƙi da laushi?

Amsa: Malama, sirrin yana wajen ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke ruɓar da ganyen da ya zuba. Ganyen turare yana da mai da tauri, sai ya daɗe a ƙasa bai ruɓe ba. Amma inda gawo da bagaruwa suka gauraya da kanya, abincin halittun nan ya bambanta, ire-irensu kuma su yawaita. A saiwar gawo ma akwai 'yan ƙulli inda bakteriya ke kamo naitirojin, wato sinadarin da ke ciyar da shuka, daga iska, wannan na cikin abin da ya sa gero ke yin kyau a gindinsa.